Idon da Aka Rataya a Kan Zanar Maman Sammy

Duk wanda ya taɓa bin layin nan na unguwar Damilu a Jimeta da sassafe, wanda ya gangara daga masallaci zuwa bakin kwalta, hancinsa ya san Keturah ko da idonsa bai san ta ba. Ƙamshin masarta yakan riga sallamarta isa. A gindin wani tsohon dogon yaro take zama, dab da kwalbati, da tandarta da tukunyar kunun gyaɗa da wata tsohuwar kujera 'yar tsugunno da ta ƙi karyewa. Gajeruwa ce kakkaura, muryarta kamar ta mai shela, kuma ba ta iya raɗa ba ko a coci. Ba wanda ke kiranta Keturah sai fasto. Ga kowa Maman Sammy ce, har yaran da Sammy ya girme wa iyayensu.

Mutuniyar Numan ce. Aure ne ya kawo ta Jimeta, lokacin da aka yi wa mijinta Apollos canjin makaranta, don malamin firamare ne. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma ya tafi da wuri ya bar ta da Sammy da ƙanwarsa Virtue da akwatin littattafai da ba a dafawa. Ba ta zauna jiran dangi ba. Ta sayi tanda, ta jiƙa shinkafa, ta fito bakin hanya.

Farkon fitowarta ta yi wautar da duk baƙo zai yi. Ta jera benci a fili, ta share wuri tas, ta zauna tana jiran dattawan da ke fitowa daga sallar asuba. Suna zuwa kuwa. Su tsaya, su gaishe ta da kyau, su tambayi yara, hancinsu na buɗewa yana rufewa, sannan su wuce kamar an kore su. Ta ɗauka addini ne ya hana su cin abincinta, har ta fara jin zafin abin. Wata tsohuwa mai sayar da nono, Goggo Yelwa, ita ta warware mata.

"Ke 'yar Numan, masarki ba ta da laifi. Bencinki ne mai laifi. Kin taɓa ganin dattijon Bafillace yana tauna a bakin titi? Yunwa ta kayar da shi ya fi masa sauƙi da a ce surukinsa ya wuce ya ga bakinsa yana motsi."

Washegari Keturah ta sa aka kawo mata zana. Ta kewaye bencin a bayanta, ta bar ƙofa biyu, ɗaya ta gaba kusa da tanda, ɗaya ta baya da ke fita wani lungu. Ba ta yi rufi ba, rassan dogon yaro sun wadatar. Kafin mako ya zagayo bencin ya fara ɗumi.

A hankali ta koyi aikin, kuma aikin ya wuce juya masa. Ba wanda ke zuwa ya ce a ba shi masa. Mutum zai ce ya zo gaisuwa ne, ko ƙafarsa ce ta gaji zai ɗan huta, sai ya zame bayan zana. Ita kuma ta zuba, ta miƙa kwano ta gefe ba tare da ta ɗaga kai ba, ta juya baya ta ci gaba da fifita wuta. Ta san wanda ya aurar wa wa da 'ya a layin nan kaf. In tana ganin surukin wanda ke ciki ya doso, sai ta tare shi a gaba da gaisuwa, ta tambayi matarsa, ta tambayi mahaifiyarsa da ciwon gwiwarta, ta tambayi akuyar da ta ɓata bara, da ƙarfi yadda na ciki zai ji, har sai ya wanke hannu ya sulale ta ƙofar baya. Shekara da shekaru ba a taɓa yin karo a bayan zanar nan ba. Asibiti ma ba su riƙe sirri kamar yadda matar nan ta riƙe.

A cikin masu zuwa hutun ƙafa, babu kamar Baffa Hayatu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, dogo siriri, farar riga kullum kamar yanzu aka ɗauko daga wajen mai guga, yana tafiya a hankali kamar ƙasa za ta ji zafi. A gida likita ya hana shi maiƙo da zaƙi, uwargidansa kuma ta ɗauki maganar likita kamar aya. Kunu ba sukari, miya ba mai. Shi ya sa ƙafarsa ke gajiya kullum a daidai dogon yaro. Yana son masarsa da zuma, gefenta ya ɗan ƙone. Kuma inda Baffa ya zauna, nan sauran tsofaffin ke zama, don shi ne mai labari. In ya zo benci ya cika, in bai zo ba rabinsu gaisuwar gaske suke yi su wuce.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wanda bai zauna a Jimeta a lokacin ba, kada ya ce zai ba da labarinsu. Da Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya a 2014, mutane suka kwararo da ƙafa, da yara a kafaɗa, wasu ko takalmi babu. Kowane gida ya cika da baƙi. Keturah ta riƙa ƙara ƙullu, abin da ya rage ba ya komawa gida, kuma ba ta taɓa tambayar mai miƙo hannu ko wace alƙibla yake kallo ba. Shekarar da ta biyo baya bama-bamai suka tashi a cikin gari, kowa ya zama abin tsoro ga kowa. Jaka abin tsoro, baƙuwar fuska abin tsoro, taro abin tsoro. Wasu suka ce a tashi duk mai sana'a a bakin hanya, musamman mai zana, tunda ba a san abin da ke bayanta ba. Dattawan layin suka ce su sun san abin da ke bayanta. Ba wanda ya tambaye su yadda aka yi suka sani, maganar ta mutu a nan.

A maimakon haka aka yi karo-karo aka kafa turken ƙarfe a gefen kwalbati, taku kaɗan daga tandarta, aka ɗaura masa kyamara a sama tana kallon mashigar layi. Ba wanda ya nemi izinin kowa. A lokacin wa ke da natsuwar zuwa ofis? An kafa, an yi addu'a, an watse. Kyamarar ta yi aiki na ɗan lokaci, in an kawo wuta, har damina ta zo tsawa ta gama da ita. Ta zauna a sama shekara da shekaru, zanzaro ya gina ɗaki a kan idonta, Keturah ta mayar da turken wurin ɗaure igiyar shanya tsumma. Yara suka sa mata suna Makauniya. Kowa ya saba da ita kamar yadda ake sabawa da tabo.

Lafiya ta dawo gari, sai wata fitinar ta fito, ta 'yan shila, yaran nan marasa tarbiyya da ke fizge waya daga cikin keke mai ƙafa uku su tsere. Virtue ma ba su bar ta ba. Tana dawowa daga makaranta da rana tsaka suka fizge tata, suka bar mata yanka a hannu. Don haka da samarin unguwa suka kafa kwamiti suka ce za su farfaɗo da kyamara, Keturah ce ta fara cewa Allah ya yi albarka. A rubuta wannan a ajiye, don daga baya an samu masu cewa ita maƙiyiyar tsaro ce, kuma ƙarya suke.

Shugaban kwamitin shi ne Zubair, mai shagon kayan sola, yaro mai hankali da ladabi, wanda ke auren Yusrah 'yar Baffa Hayatu. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa kiran sunan Baffa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in ya hango shi a hanya tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Shi ya hau tsani wata ranar Lahadi, lokacin Keturah tana coci, ya sauke Makauniya ya ɗaura sabuwa. Don rana ta samu faifan sola, ya sa aka sare babban reshen dogon yaro, wanda ya yi wa zana rumfa. Sabuwar kyamarar kuma irin mai faɗin idon nan ce, tana kallon mashigar layi, tana kallon kwalbati, tana kuma leƙa duk abin da ke ƙarƙashinta. Hoton suka kai talabijin ɗin shagon Joel mai aski, saboda shi ne ke da wuta kullum kuma ba ya rabuwa da mutane. Suka ce ido da yawa ya fi.

Ga inda hankali ya bar su. An sanar a waya, a dandalin samari. Tsofaffin da wayarsu ta kira da amsawa ce kawai, ba wanda ya tuna da su. Su a saninsu Makauniya ce a sama har gobe. Keturah ta ga an sare reshe, ta yi faɗanta na inuwa, ta share ganye, ba ta kawo komai a ranta ba.

Shagon Joel kuwa ya samu shiri sabo. Da safe samari masu jiran aski, da waɗanda ba askin ya kawo su ba, sai su zauna su zuba ido. Ga Malam wane da ke wa'azin rage ciki yana neman ƙari. Ga Jauro da kansa, mai unguwa guda, ya tura hula ƙeya yana kurɓar kunu har da lumshe ido. Ba su yi da mugunta ba, in ji su. To dariyar da suke yi har da riƙe ciki, ta alheri ce? Kyamarar da aka saya don ɓarayi, ba ta kama ko ɓera ba, ta koma kallon bakin iyayensu.

Zubair bai sani ba, don shi da safe yana shagonsa. Ranar da ya sani, yana zaune ne a kujerar Joel, an yafa masa ƙyalle, an aske rabin kansa. Ya ɗaga ido ya dubi talabijin. Ga surukinsa, Baffa Hayatu, ya naɗe hannun farar riga, ya dangwali zuma, ya kai baki, sannan ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana lasa. Waɗanda ke wurin sun ce Zubair ya miƙe, ya kifa hula a kan rabin askin, ya fita da ƙyallen Joel a wuyansa, bai waiwayo ba.

Maganar da aka yi a shagon aski ba ta kwana. Kafin la'asar ta shiga gidan Baffa ta ƙofar mata. Uwargida ta ji batun zuma, wannan shari'a ce daban da aka yi a cikin gida. Amma abin da ya karya Baffa shi ne da aka ce yaron nan ya gani. Washegari ya canza hanyar masallaci, ya riƙa zagayawa ta bayan makaranta da ciwon bayansa. Sauran tsofaffin suka bi sahu. Jauro ma ƙafarsa ta daina gajiya.

Keturah ta zauna da ƙullu yana kumbura yana tsami. Masu keke da 'yan makaranta suna saye a leda su wuce, amma bencin da ya riƙe ta tun tana goyon Virtue ya koma wurin kwanan kaji. Da ta gano dalili, ta tafi shagon Joel da muciya a hannu, ba don duka ba, ta manta ne ba ta ajiye ba. Ta tsaya ta ga bencinta a talabijin, fayau, har ɓawon gyaɗar da ke ƙasa. Joel ya ce shi ajiya aka ba shi, ba shi da ikon kashewa, sai kwamiti. Ta gaya masa abin da ya sawwaƙa game da shi da kwamitin, ta fita.

Ta sayi tamfol ta rufe saman zana. Hayaƙi ya taru a ciki, zafin Jimeta ya mayar da wurin tanderu, kuma ko mutum ɗaya bai dawo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Muddin idon nan na rataye a sama, kuma samari na zaune a gaban talabijin suna ganin mai shiga da mai fita, ba dattijon da zai zame bayan zanar.

Ta je wurin Zubair a shagonsa. Ya ba ta kujera, ya kawo ruwa, ya saurare ta kansa a ƙasa.

"Mama, ni ban ga komai ba."

"Ba ka ga komai ba, shi ya sa ka gudu da rabin kai?"

"Mantuwa na yi a shago."

Ta fahimci ba zai motsa ba. In ya juya kyamarar, ya amsa ke nan cewa akwai abin da ya gani, kuma ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Ta tare Baffa a sabuwar hanyarsa. Ya gaishe ta da fara'a, ya tambayi Sammy, da ta kawo maganar sai ya dubi sama ya ce shi bai san me ake sayarwa a gindin bishiyar nan ba, yakan dai huta a wurin wani lokaci. Mutumin da ta san yadda yake son gefen masarsa ya ƙone. Ta yaya za a gyara ɓarnar da wanda ya gani ya ce bai gani ba, wanda aka gani ya ce ba ya wurin?

Akwai hanya ɗaya da ta rage, ita kuma tana tsoronta. Turken nan a gefen titi yake, ƙasar gwamnati, ba takarda. In ta kai ƙara ofishin masu tsara gari za su iya sauke shi. Amma tandarta ma a kan ƙasar take, ita ma ba takarda. Ta ga yadda ake zuwa da jan fenti a shafa wa rumfa, bayan kwana kaɗan a zo da mota. Wanda ya kira mai rusau don maƙwabci, ya fara kwashe nasa kayan. Kuma ita ba ta son a sauke kyamarar. Tabon hannun Virtue yana nan.

Sai ta matsa wa Jauro, safe da yamma, har ya gaji ya kira taron unguwa a ƙofar gidansa ranar Asabar da hantsi, wai don a duba batun tsaro. Aka shimfiɗa tabarmi. Tsofaffi a gaba, samari a baya, Baffa Hayatu a wannan gefe yana kallon gabas, Zubair a wancan yana kallon yamma. Aka yi ta magana a kan hanya, da ɓarayi, da batir, da wanda zai riƙa goge faifan sola. Ba wanda ya ambaci zana. Da wani tsoho ya yi ƙarfin hali ya ce ko za a ɗan sunkuyar da abin nan ko a ɗaga shi, sai Mu'tasim, wani matashi mai zafin kai a kwamitin, ya ce bakin hanya na kowa ne, wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara, in kuma wani yana ganin an shiga haƙƙinsa, a kira hukuma ta zo ta auna ta ga wanda ya fi cin hanya. Yana faɗa yana kallon inda Keturah ta tsaya ɗazu.

Ba ta wurin. Ta tafi tun ana rabin taro. Can sai ga ta tafe da babban faranti a ka, Virtue na biye da tukunyar kunu. Ta sauke a tsakiyar tabarma, ta buɗe. Masa ce mai zafi, tana tururi, ga zuma a kwano, ga yaji, gefen wasu ya ɗan ƙone. Ta ce sadaka ce, ta ga taro ya yi tsawo kuma ta san da yawa ba su karya ba. Bismillah. Ta ja gefe, amma yau ba ta juya baya ba. Ta harɗe hannu ta zuba musu ido.

Ƙamshi ya cika wurin. Jauro ya yi gyaran murya ya ce an gode, Allah ya saka. Ba wanda ya motsa. Tsoho ba zai miƙa hannu gaban surukinsa ba, yaro ba zai miƙa gaban tsoho ba. Mu'tasim da kansa, ƙanin mahaifin matarsa na zaune a gaba, ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren tabarma. Aka ci gaba da maganar batir, amma muryoyi sun yi sanyi. Cikin wani ya yi ƙugi, kowa ya yi kamar bai ji ba. Ƙuda ya zo ya sauka a bakin kwanon zuma, shi kaɗai ya ci.

Da tururin ya mutu, Keturah ta matso.

"Barkama Jauro, ranka ya daɗe, a ba ni izini. Ni ban yi boko mai nisa ba, kuma ni ba Bafillata ba ce. Ga abinci, halal ne, kyauta ne, kowa yana jin yunwa. Mu'tasim, ɗana, me kake ɓoyewa da ba ka ci ba? Sata ka yi?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mu'tasim ya ce ba haka ba ne, Mama.

"To haka ne. Ido ne ya hana ka. Ido ɗaya nawa, na tsohuwa, ya hana unguwa guda cin masa. Ku kuma kun ɗauki ido kun rataya a kan zanata, kun kai shi shagon aski. Ban ce wani ya taɓa ci a wurina ba. Ban ce wani ya ga wani ba. Na ce dai ɓarawon waya ba ya shiga bayan zana, a kan titi yake. Ku juya abinku ya kalli titi."

Ba ta kira sunan kowa ba, shi ya sa kowa ya samu ƙofar fita. Baffa Hayatu ne ya fara magana, yana kallon gabas ɗinsa. Ya ce shi ba don kansa ba, amma akwai gidajen da ƙofarsu ke kallon hanya, mata na shiga da fita, bai dace a ce kowane mai jiran aski yana ƙirga su ba. Zubair, yana kallon yamma, ya ce dama kwamiti ya lura kyamarar tana ɓata ƙarfinta a kan ƙasa, an daɗe ana son a ɗaga ta. Ka ji mutanen da ba su ga komai ba.

Daga nan magana ta warware, har aka wuce inda Keturah ta nufa. Aka tsayar cewa kyamara titi za ta kalla, ba ƙofar gida ko bayan zanar kowa ba, kuma duk wanda zai ƙara kafa wata a bakin hanya sai ya fara nuna wa maƙwabta abin da take gani. Za a cire hoton daga shagon Joel a kulle na'urar a gidan Jauro, ba a buɗewa sai an yi ɓarna, kuma ba mutum ɗaya zai duba ba. Wata malamar asibiti da ke tsaye a baya ta ce a cikin masu dubawa dole a sa mace, aka yi gunaguni, aka yarda. Sannan Jauro ya kawo abin da Keturah ke gudu. Ya ce turken nan ya daɗe a ƙasar da ba tasu ba, gara su je da ƙafarsu su nemi izini kafin a zo a same su. Ya ƙara da cewa in za a je, da maganar mai masa za a je, don ta riga turken zuwa, ta riga kwaltar ma.

Jami'in da aka turo ya zo da igiyar awo da fuskar da ba ta dariya. Ya yarda turke ya tsaya, da sharaɗin a rataya allo mai sanar da cewa akwai kyamara. Tanda kuwa ya ce ta matse magudanar ruwa, sai ta ja baya, can bayan gindin bishiya. Keturah ta yi masa bayanin shekarun da ta yi a wurin, da ƙarfi, ya saurara ya ce duk da haka. Ta ja baya tana mita. Yanzu masu keke ba sa hango ta daga kwalta sai sun shigo layi, wasu sun koma saye a gaba, kuma har yau in aka taɓo maganar sai ta yi masa addu'ar da ba a cewa amin. Amma sabon wurin ya faɗa bayan turken, inda ko kyamarar ta yi wuyan raƙumi ba za ta gani ba.

Zubair ya zo da tsaninsa ya ɗaga kan kyamarar, ya ɗaure ta tamau tana kallon mashigar layi. Duk aikin nan bayansa ya ba zanar, ko da babu kowa a ciki. Talabijin ɗin Joel ya koma ƙwallo. Bayan 'yan watanni an buɗe na'urar sau ɗaya, da aka fizge jakar wata mata, aka ga lambar keken ɓarayin sarai.

Tsofaffin ba su dawo nan take ba. Jauro ne ya fara, sai mai wa'azin rage ciki. Bencin ya ɗan yi ɗumi, amma ba labari, kowa ya ci ya tashi. Keturah ta ci gaba da barin wasu su ɗan ƙone a gefe, tana kwashe su daban, in rana ta yi ta ba kaji.

Wata safiya bayan an sauko daga masallaci, tana fifita wuta, ta ga farar riga ta tsaya a gabanta. Ba ta ɗaga kai ba. Aka gaisa, aka tambayi Sammy, aka tambayi hannun Virtue. Baffa Hayatu ya ɗan dubi turken, ya dubi allon da ke jikinsa, ya dubi sabuwar zanar.

"Maman Sammy, ƙafar nan tana damuna kwana biyu. Ko akwai wurin zama a nan?"

"Akwai benci a ciki, Baffa."

Ya taka zuwa ƙofar zanar, ya tsaya, ya rage murya.

"Na ji yara suna cewa wai masa kike sayarwa."

"Haka suke faɗa," in ji ta. Ta jawo kwanon zuma, ta zaɓo masu ƙonannen gefe, ta miƙa ta gefe, ta juya baya.